Daga Dama Zuwa Hagu

Ranar da aka yabi littafin Sama'ilu a rediyo, a ranar ce aka dawo masa da goronsa.

Yabon ya zo da hantsi, goron da la'asar. Kawu Sabo ne ya shigo da shi a cikin ƙwaryar da aka kai shi, ko ganyen da aka rufe shi ba a sake ba. Ya dire ta a ƙofar ɗaki, ya karkaɗe hannu.

"Ga kayanka," ya ce. "Malam Nababa ya ce a gode maka da zumunci. Ya ce 'yarsa Rahmatu ba ta da miji a gidan nan."

Sama'ilu ya miƙe da alƙalamin zane a hannu, tawada na ɗiga kan tabarma.

"Kawu, me na yi?"

"Ni za ka tambaya? Ka tambayi rediyo mana. Ai ka zama babban mutum. Daga Shanono har Bici yau sunanka ake kira." Ya zaro wani ɗan siririn littafi daga aljihun gaba ya wurga kan goron. "Wannan ma ya ce a haɗo maka. Wai bai saba ajiye irinsa a ɗakin da yake salla ba."

Sama'ilu ya tsaya yana kallon littafin. Buhun Gero. Nasa ne. Shi ya zana shi, shi ya kai shi Kano aka buga, shi ya durƙusa a zauren Malam Nababa ya miƙa masa kwafin farko da hannu biyu.

Shekarun nan ne da gwamnati ta ce kowa ya tsuke cikinsa don tattalin arziki ya miƙe. Ciki dai ya tsuke. Tattalin arzikin ana nan ana jiransa. Sama'ilu yana koyar da zane a wata makaranta aka zo rage ma'aikata, aka duba darussa kaf aka ga zane ne kaɗai ba a taɓa jin ya ƙosar da kowa ba, aka sallame shi. Ya dawo ƙauyensu, Ɗinya Biyu, ya kama fartanyar da ubansa ya mutu ya bari. Da rana noma, da yamma zane. Yana shirya 'yan labarai cikin hotuna, gida-gida a jere, ya buga kaɗan, ya baza a kasuwar Tsanyawa kusa da masu sayar da maganin ɓera.

Lokacin da Kawu Sabo ya fara kai maganarsa, Malam Nababa ya tambayi sana'a. Aka ce zane. Tsohon ya gyaɗa kai da murna, don ya ɗauka zanen hula ake nufi. Har ya aiko da tasa a fitar masa da fure. Da ya gane mutane yaron yake zanawa, masu ido da hanci, sai fuskarsa ta ɗaure. Bai ce a'a ba, bai ce i ba. Ya bar goron ya zauna a zaure kamar baƙon da ba a san ranar tafiyarsa ba.

Don ya karya wannan shirun ne Sama'ilu ya zana Buhun Gero.

A markar bara ne, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, gero kuma bai nuna ba. Yana cikin ƙaramar bas yana dawowa daga Bici, motar ta rage gudu a wani kududdufi, ya leƙa ta taga. Sai ga Malam Nababa tsaye a ƙofar gidan Luba, matar ƙanensa marigayi Ɗanliti, da buhu a kafaɗa. Luba ta zube a gabansa, ta ɗaga hannu sama tana kuka. Motar ta ja. Amma abin ya zauna wa Sama'ilu a ƙirji. Ga mutumin da ake cewa mai tsauri, ashe shi yake ɗaukar hatsi da kafaɗarsa ya kai wa marayu, ko yaro bai aika ba.

Ya zana shi yadda zuciyarsa ta ba shi. Ga dattijo yana murmushi gefen cikakken rumbu. Ga shi da buhu a bakin rumbun. Ga shi a hanya tsakanin gonaki. Ga mace durƙushe tana hawaye. Ga buhu a tsakar ɗakinta, yara sun kewaye shi.

Bai sa rubutu ko ɗaya ba. Na farko, mai ɗab'i kuɗin haruffa daban yake karɓa. Na biyu, Malam Nababa ba ya karanta boko. Ko lambar shafi bai sa ba. Kuma a kowane hoto ya sa dattijon yana fuskantar mai kallo sosai, da billensa da karkataccen rawaninsa, don kada wani ya ce bai gane shi ba.

Ba wanda bai gane shi ba kuwa.

Malam Khalilu ne ya yi sharhin. Malami ne a wata kwaleji, yana da babur, yana da tabarau, yana kuma da fili a rediyo duk Lahadi inda yake gaya wa mutane abin da marubuta suke nufi. Shi ya riga Sama'ilu zuwa ƙofar gidan su Rahmatu. Ta saurare shi sau biyu, ta ce wa innarta mutumin nan yana hira kamar mai karanta sanarwar mutuwa. Daga nan bai sake zuwa zance ba. Gaishe da Baba kawai yake zuwa yi, kuma bai taɓa fashi ba.

"Jama'a masu sauraro," in ji shi da hantsin nan, "yau na zo muku da abin mamaki. Wani matashi daga ƙauye, you see, ya yi abin da manyanmu na birni suka kasa. Mai karatun boko zai buɗe littafin nan daga hagu, ya ga labarin kyauta, ya rufe. To an yaudare shi! Ku tambayi kanku, don wa aka yi littafin da ba shi da rubutu? Don mutanen karkara. Su kuwa ta ina suke buɗe littafi? Daga dama, yadda suka saba a allo da ajami. Ku buɗe ta nan ku gani. Buhu a ɗakin marayu. Uwa tana roƙo. Dattijo ya saɓa buhun ya kama hanya. Ya juye a rumbunsa. Ya tsaya yana murmushi. Wannan, jama'a, shi ne hoton masu ɓoye abinci a zamaninmu. Jarumta ke nan. Ina cire wa Sama'ilu hula."

Kafin azahar mai tebur a tashar Bici ya aiko a kawo masa duk abin da ya rage. Littafin da ya yi wata uku yana shan rana kusa da maganin ɓera ya ƙare a yini guda.

Washegari da sassafe Sama'ilu ya tafi gidan Malam Nababa. Tun daga nesa ya hango babur ɗin Malam Khalilu a jingine a gindin darbejiya.

Ya yi sallama sau uku kafin a amsa.

Malam Nababa na zaune kan buzu, carbi a hannu. Malam Khalilu na gefen tabarma, ya cire takalmi ya jera su, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"A'a, Mai Zane!" ya ce. "Gwarzon shekara. Ai ni jaje na zo yi wa Baba. Wallahi da na san fuskarsa ce ka ɗauka, da ban taɓa littafin ba. Ni na zaci dattijon ƙirƙira ne."

"Malam, sau nawa kake ganin billen nan a wata?"

"Ni ba na kallon manya a fuska. Tarbiyya ce."

Sama'ilu ya ƙyale shi, ya durƙusa.

"Baba, don girman Allah a saurare ni. Yabo na yi. Kuskuren buɗewa ne kawai. Littafin daga nan ake fara shi." Ya ciro shi ya nuna ɓangaren hagu.

Tsohon ya karɓa. Ya ɗora a cinya, ya yi bismilla a hankali, ya buɗe daga dama.

"Baba, ta ɗaya gefen..."

"Ni za ka koya wa buɗe littafi?" Muryarsa ba ta ɗaga ba. "Na sauke Alƙur'ani ubanka bai yi kaciya ba. Da dama nake ci, da dama nake gaisawa, da dama nake shiga masallaci. Wuri ɗaya na sani da ake fara shiga da hagu, kai ma ka san shi. Can ka ajiye ni?"

Malam Khalilu ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Jiya," tsohon ya ci gaba, "na fita magariba, sahu ya buɗe mini kamar mai ƙyanda. Yara suna bina suna cewa Baba Mai Buhu. Da furfurata. Ni da na ba ka tabarma a zauren nan. Na ce zanen hula, aka ce a'a, zanen mutane. Na yi shiru don 'yata tana so. Ashe zane ni za ka yi a gaban duniya, ba da bulala ba."

Idon Sama'ilu ya cika.

"Baba, wallahi abin da na gani na zana. Da idona na gan ka, bara da marka, a ƙofar Inna Luba da buhu a kafaɗa."

Carbin ya tsaya.

"Ka gan ni?"

"Na gan ka, Baba."

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai. Ina cikin mota. Na ce a raina, ga mai ba da sadaka a ɓoye. Na san ba ka so a sani, ka yafe mini. Amma alheri irin wannan bai kamata ya mutu a ɓoye ba."

Malam Nababa ya daɗe yana kallonsa. Sama'ilu ya ga launin fuskar ya sauya, ya fassara shi da kunyar mutumin kirki da aka tona alherinsa. Mai neman aure gwani ne wajen fassara.

"To," tsohon ya ce a ƙarshe, carbin ya ci gaba da tafiya. "Magana ta kai wurin dagaci. Ya kira ni ran Juma'a bayan an sauko. Ka zo. Ka tsaya gaban liman, ka dafa Alƙur'ani, ka ce ka ga na kai wa matar ƙanena hatsi. In ka yi haka, ka ce wa Sabo ya dawo da goron a ranar. In sa rana kafin a yanke gero."

Malam Khalilu ya ɗago kai da sauri har tabaransa ya zame.

"Baba, ai rantsuwa ba abin wasa ba ce. A yi nazari dai..."

"Kai ka yi naka nazarin a rediyo. Ya isa."

Sama'ilu ya fita daga zauren ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Da ya zo wuce babur ɗin har shafa shi ya yi, don tausayi.

Rahmatu tana koyarwa a firamare ta Tsanyawa, inda ake biyan albashi duk lokacin da aka tuna. A ƙasa take dawowa, ta ƴar hanyar da ta ratsa gonakin dawa. Ran Laraba ya tsaya mata a gindin ɗorawar da suka saba. Dawa ta yi tsayi ta rufe su ta ko'ina, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya.

Ya hango ta ya fara dariya tun kafin ta iso.

"Amarya! Kin ji labari? Kafin a yanke gero!"

Ba ta yi dariya ba. Idanunta sun kumbura, leɓenta ya bushe. Ta tsaya nesa da shi, ta rungume littattafan ƴan makaranta a ƙirji.

"Na ji, Mai Zane."

"To mene ne? Ko kin fi son mai babur?"

"Kar ka yi mini wasa yau. Don Allah." Ta gyara riƙon littattafan. "Zan tambaye ka, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Ran nan da ka ga Baba a ƙofar Inna Luba. Ka ga ya shiga da buhun?"

"Na gan shi a bakin ƙofa, buhu a kafaɗa."

"Shiga ka gani, ko fita?"

Ya nemi hoton a kansa. Ga kududdufi, ga taga, ga buhu, ga mace a durƙushe.

"Motar ta ja," ya ce a hankali.

Littattafan suka zube ƙasa. Ta durƙusa kamar za ta kwashe su, sai ta zauna a wurin ta fashe da kuka.

"Rahmatu, tashi. Me ke nan? Tashi mana, wani zai zo."

"Fita ce! Fita ya yi da shi!"

Wata iska ta bi ta cikin dawar, ganyen ya yi ta shafar juna.

"Gandu ɗaya suke nomawa da Baffa Ɗanliti," ta ce, muryarta na karyewa. "Da Baffa ya rasu, an riga an ware masa kasonsa, yana ɗakin Inna Luba. Baba ya ce shi ne babban gandu, mace ba ta iya tattali, zai ajiye wa marayu a rumbunsa ya riƙa auna musu. Buhu-buhu ya kwashe. Wanda ka gani shi ne na ƙarshe. Da hatsi ya yi tsada, masu mota suka zo daga birni..." Ta kasa ƙarasawa.

"A'a. Ba Baba ba. Kin ji dai ana faɗa."

"Ni na riƙe masa bakin buhun yana juyewa. Da hannun nan." Ta ɗaga shi tana kallo kamar na wani. "Ban san na waye ba sai da na ga ɗinkin Inna Luba a gindinsa. Ka tuna Asama'u, ƴar autarta? Wadda take bin ka tana cewa ka zana mata akuya?"

"Zazzaɓi aka ce."

"Zazzaɓi ne. Ban ce ba shi ba ne. Amma da ya zo, bai tarar da komai a jikinta da zai yi kokawa da shi ba."

Sama'ilu ya jingina da ɗorawar. Ya zana mata akuyar kuwa, a bayan kwalin sukari. Ta ce ƙafa uku ya yi mata.

"Tun daga ranar nake ɗiba," Rahmatu ta ce. "Kwano ɗaya, rabin kwano, a ƙarƙashin mayafi, in zan tafi makaranta. Ina sata a gidan ubana in kai wa masu shi. Da ka kawo littafin nan, innata ta nuna mini, na buɗe daga hagu yadda aka koya mana, na shiga ɗaki na yi kuka har na gaji. Na ce ka zana uban da nake roƙon Allah ya ba ni."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"In ce me? In ce kar ka yabi ubana?"



"Ka san wanda ya kai ƙara wurin dagaci?" ta ce. "Ba tsegumin gari ba ne. Inna Luba ce. Shekara guda ta yi shiru, don wa zai yarda da ita a kan yayan mijinta, mai limanci in liman ya yi tafiya? Ran Lahadi ta ji rediyo a gidan maƙwabta. Aka nuna mata littafin. Ta buɗe yadda ta iya, ta ga ɗakinta, ta ga kanta a durƙushe. Ta ce ashe akwai wanda ya gani. Ta yafa mayafi ta tafi. Kai ne shaidarta, Mai Zane. Kai kaɗai. Kullum sai ta sa maka albarka."

Ya yi wata dariya marar daɗi.

"Shi kuma Khalilu? Ya sani?"

"Ina zai sani? Ƙarya ya ƙirƙira don ya raba mu."

Wato mutumin ya shekara goma yana sharhi a rediyo, sau ɗaya ya faɗi gaskiya, shi ma bai yi niyya ba.

Sama'ilu ya tsuguna a gabanta. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Rahmatu, da kin yi shiru. Kwana biyu kawai. Da na rantse da zuciya ɗaya, ban san komai ba, Allah ba zai kama ni ba. Da ke tawa ce."

"Na sani!" Ta buga ƙirjinta. "Kana tsammani ban sani ba? Tun Litinin nake gaya wa kaina, yi shiru Rahmatu, yi shiru, ba ke za ki dafa ba. Har na zaɓi atamfar da zan sa. Na yi salla ina roƙon Allah ya ɗaure mini baki. Sai jiya da na kai kwanon, Inna Luba ta riƙe hannuna ta ce, ki gaida mini yaron nan mai ido. Mai ido! Na fito na yi amai a bayan danga."

Hawaye ya zubo masa, bai goge ba.

"To me kike so in yi?"

"Kar ka tambaye ni. Ubana ne."

"In na ƙi rantsewa?"

"Ba zai taɓa ba ka ni ba. Ni kuma ba zan auri wanda bai sa wa albarka ba, ko da shi wane ne. Khalilu ma kar ya sa rai, gara in tsufa ina koyar da ƴaƴan mutane."

"In na rantse fa?"

Ta ɗago jajayen idanunta ta dube shi.

"Zan aure ka. In dafa maka, in haifa maka. Kuma duk ranar da ka miƙo hannun nan za ka karɓi abinci, zan tuna abin da ya dafa."

Ta tattara littattafan, laka ta ɓata biyu. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta shige cikin dawar. Ya daɗe yana jin shessheƙarta bayan ya daina ganinta.

Ran Juma'a ƙofar gidan dagaci ta cika. Mutanen da ba a taɓa ganin sun tsaya bayan salla ba, ranar sun tsaya. Liman na zaune da Alƙur'ani a cikin gafaka a kan cinya. Malam Nababa na damansa cikin farar riga, fuskarsa a sake. Malam Khalilu ya zo har da biro a aljihu, amma sai share gumi yake yi, don ya san in aka dafa Alƙur'anin nan, babu shi babu Rahmatu, kuma duk mai rediyo zai ji cewa ya yi wa dattijo ƙage. Kawu Sabo ya rakuɓe a gefe, babbar rigarsa ta yi tudu ta wajen ciki. Ƙwaryar goron ce. Ya ce gara a gama komai a zama ɗaya.

Can nesa, a bakin danga inda mata ke tsayawa, Luba na zaune a ƙasa da kwafin littafin a hannu, ya yi laushi don riƙo. A bayanta akwai wani farin mayafi da ya san mai shi sarai. Sama'ilu bai yarda ya kalle shi sau biyu ba.

Dagaci ya yi gyaran murya.

"Sama'ilu, ka jawo mana magana. Ni dai tunda nake ban taɓa shari'ar hoto ba. Malam na rediyo ya ce ta nan ake buɗewa. Malam Nababa ya ce ka ce ta can. Luba ta ce kai shaidarta ne, shi ma ya ce kai shaidarsa ne. Kana da alwala?"

"Ina da ita, ranka ya daɗe."

Liman ya fara kwance gafaka.

"Allah gafarta Malam, a dakata," Sama'ilu ya ce. Ya ji muryarsa kamar daga rijiya take fitowa. "Abin da zan iya dafawa a kai kaɗan ne. Na ga Baba a ƙofar gidan. Na ga buhu a kafaɗarsa. Na ga Inna Luba tana kuka. Ban ga inda buhun ya nufa ba. Sauran raina ne ya cika."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Malam Nababa bai motsa ba, sai dai babban yatsansa ya danne ƙwayar carbi har farcen ya yi fari.

"Yaro," ya ce a hankali, "ka tuna maganarmu. Kafin a yanke gero."

"Na tuna, Baba."

Dagaci ya miƙo hannu aka ba shi littafin, ya jujjuya shi, ya miƙa wa Sama'ilu.

"Ban tambaye ka bara ba. Yau nake tambayarka. Kai ka zana abinka, ka fi kowa saninsa. In mutum yana son ya ga abin da ya faru a ƙofar gidan nan, ta ina zai buɗe?"

Sama'ilu ya karɓa. Ɗan abu ne marar nauyi, takardarsa mai arha, tawadar har ta fara dusashewa. Wata biyu ya yi yana gyara murmushin dattijon nan don ya fito daidai.

Ya ɗora shi a tafin hannunsa na hagu. Ya yi bismilla a hankali, yadda ya ga an yi a zaure. Ya buɗe daga dama.

"Ai na faɗa!" Malam Khalilu ne ya fara magana, ya miƙe tsaye yana waige-waige. "Jama'a, kun ji ko? Tun ran Lahadi na faɗa!"

Ba wanda ya kula shi. Malam Nababa ya tashi, ya naɗe buzunsa da kansa. Dagaci ya ce ya zauna, ba a gama ba. Ya koma ya zauna. Bai dubi Sama'ilu ba. Kawu Sabo ya duba.

"Sabo," ya ce, "abin da ke cikin rigarka, ka raba wa jama'a. Kar ya bushe a banza."

Daga bakin danga muryar Luba ta taso, tana rawa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Allah ya ƙara wa idonka haske. Duk garin nan kai kaɗai ka gani."

Karo na biyu ke nan a mako ɗaya da aka yabe shi kan abin da bai zana ba.

Sai a lokacin ya ɗaga kai ya nemi farin mayafin. Ya same shi ya riga ya bar dangar. Yana tafiya a hankali, bai waiwayo ba, har ya kai mararraba. Dama hanyar gidan su Sama'ilu ce, hagu ta gidan Malam Nababa. Mayafin ya ɗan tsaya, kamar mai shi ta manta wani abu.

Sannan ya bi ta hagu.